Faɗuwar Ƙasimu Turmi

Shekara ashirin da ɗaya Abdoulkarim ya yi cikin motar reji, wato motar sarrafa hotuna, ta wani gidan talbijin mai zaman kansa a Yamai, kasken sauraro a kunne, akwatunan hoto shida a gabansa, yana ba masu kamera umarni. In ka taɓa kallon kokowa a tele cikin shekarun nan, aka kama, aka juya, ƙasa ta tashi, amma kafin alƙali ya busa kai ka riga ka ga gwiwar da ta taɓa ƙasa, to hannunsa ne. Ɗan siriri ne, furfura ta kama shi da wuri, fara'a kuwa sai an roƙa. Amma ido, Allah ya ba shi. Ƴan kokowa ne suka laƙa masa suna Ralanti, don shi ke maido musu da faɗuwa sannu a hankali a kan allo har mai gardama ya rasa bakin magana. Sau nawa aka kusa ba hammata iska a fage kan wa ya fara taɓa ƙasa, alƙalai da kansu suka zo suna ƙwanƙwasa ƙofar motarsa!

Doka ɗaya gare shi, kowane mai kamera ya haddace ta: in an kama, kamera ba ta barin fage. Ita ta ɗaga shi, ita kuma ta cinye shi. Wata rana ana tsakiyar wani kamu mai zafi, sai ga wani babban attajiri, wanda tallarsa ke riƙe da gidan, ya shigo da tawagarsa, babbar riga na sheƙi. Mai gidan talbijin ya kira ta waya ya ce a nuna shi. Abdoulkarim ya ce to, bai nuna ba. Ya sake kira, ya sake cewa to. Minti goma sha ɗaya aka yi ana kokowar nan, iyalin attajiri suna gida sun zura wa tele ido, ko hularsa ba su gani ba. Mako bai zagayo ba aka maida shi sashen sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure. Ya daure wata biyar yana jera hotunan mamata, ranar nan ya ajiye musu kaskensu a kan tebur ya fita.

Mai hankali da sai ya buɗe ɗan shagon ɗaukar hoto ya ci tuwonsa. Ina! Abdoulkarim ya ce ai shi faɗa ya iya ɗauka, don haka fim ɗin faɗa zai yi. Ya sayar da motarsa ya sayi tsofaffin kamera biyu, ya tara samari masu ƙirji. Cikin shekara huɗu ya yi fim uku, duka na ƴan fashi da masu farautarsu, bindigogi na itace an shafa musu baƙin fenti, jini kuwa ruwan bisap ne, wato zoɓo, da aka dafa ya yi kauri.

Ba talaucin kayan ne ya kashe finafinan ba, mutane sun saba kallon waɗanda suka fi su tsiya. Sabo ne, turken wawa. Abdoulkarim yakan kafa kamera yadda ya saba kafa ta a fage: daga gefe, da nisa, mutum biyu daga kai har ƙafa, ba yankewa. To naushin fim ai ba ya sauka. Sai ka ga hannun jarumi ya wuce haɓar ɗan fashi da taƙi guda, sarari tsakaninsu har kaza ta iya wucewa, ɗan fashi kuma ya yi sama ya faɗi yana shure-shure. Kamar hakan bai isa ba, sai bawan Allahn nan ya maido maka da shi a ralanti, don kada wani abu ya ɓace maka.

Yamai ta samu abin dariya. Samari suka riƙa yanko wuraren suna turawa a waya, an ɗora musu kukan jaki. In ya fito daga gidansa a unguwar Dar es Salam zai bi ta gaban fadar masu shan shayi, sai wani ya ɗaga murya: "Tonton Ralanti, yau wa iska za ta kashe?" A bushe da dariya har da masu buga cinya. Yakan wuce kamar bai ji ba, amma yana ji, kuma abin yana cinsa ƙwarai. Mutumin da alƙalai ke ƙwanƙwasa wa ƙofa!

Zalika ce kaɗai ke gaya masa gaskiya. Tare suka yi aiki a talbijin, ita ce ke riƙe kamera ta biyu shekara tara, yanzu tana da shagonta a unguwar Yantala tana ɗaukar biki da suna. Ita ke ɗaukar masa fim, ita ke yi masa montaj, wato yanka hotuna da haɗa su, don kunyar zaman tare kawai.

"Shef," ta ce masa, "in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ka sa kamera bayan kafaɗar mai bugu, ka yanke, in sa maka ƙara, tim! Kowa haka yake yi."

"Wannan zamba ce. Mai kallo ya kamata ya ga abin da ya faru."

"Ai ba abin da ya faru, shef! Fim ne!"

Bai iya gaya mata abin da ke ransa ba. Akwai wani shiru da ke sauka a fage lokacin da babban ɗan kokowa ya tafi ƙasa, kafin ihu ya tashi. Mutum dubu goma su ɗauke numfashi tare, har makaɗi ya manta da gangarsa. Shekara ashirin da ɗaya yana jin shirun nan ta kaske. Shi yake so ya sake ji, ko sau ɗaya, a gaban fim ɗinsa, sa'an nan in mutuwa ce ta zo. Faɗuwa ɗaya wadda ba mai yi mata dariya, ita ce dukan abin da yake nema a duniya.

Don haka da zai fara fim na huɗu, sai ya nufi unguwar Kalley wajen Ƙasimu Turmi.

Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san sunan. Ba'adare ne daga wani ƙauye na jihar Tawa, gajere, faffaɗa, wuya kamar kututture. Yana yaro an kayar da shi a ƙauye kamar kowa, shi ma ba ya musu. Amma tun ranar da kamera ta fara ɗaukarsa har ranar da ya kwance layunsa ya bar fage, ba ta taɓa ganinsa a ƙasa ba, ko gwiwa, ko tafin hannu. Yanzu ya doshi sittin, gardi ne, yana gadin ƙofar wani kantin atamfa kusa da Babbar Kasuwa. Ba shi da gida nasa, ba shi da ko keke, ɗaki biyu na haya ne shi da matarsa Balki. Amma daga safe zuwa yamma ba mai wucewa ta gaban bencinsa bai jinjina hannu ya ce "Turmi sha daka!" ba. Masu taksi na yi masa oda. Mai kantin ma don wannan ya ajiye shi, ba don ɓarayi ba. Sunan nan shi ne gonarsa, shi ne garkensa.

Suka gaisa gaisuwar tsofaffin abokai, Ƙasimu ya matsa masa a benci. Abdoulkarim ya zayyana masa labarin: shi ne zai fito ubangidan ƴan fashi, wanda harsashi ba ya kamawa, sai a ƙarshe jarumi ya ajiye bindiga su kama kokowa.

Ƙasimu ya yi dariya har cikinsa na rawa. "Ni da tsufana, Karimu? To, mi za ya hana. Wa ka kaye wa?"

"Jarumin ne zai kayar da kai."

Dariyar ta ɗauke. Ƙasimu ya daɗe yana kallon masu turin baro a bakin gudro, titin kwalta.

"Karimu, kai ka fi kowa sani. Kai ka riƙe kamera. Ni ba ni da komi cikin garin ga sai wanga abu guda."

"Na sani, Turmi. Ba kai za ka faɗi ba. Ku kama da yaron, ku ɗan juya, in na ce kupe ku saki juna. Sai a sa wa wani rigarka, a ɗauke shi ta baya yana faɗuwa."

"Ka ce kupe, in saki."

"In ce kupe, ka saki."

"Ka yi alkawari?"

"Tsakanina da Allah."

Kuma a lokacin da gaske yake, wannan kam a shaide shi.

Aka yi kwana ashirin ana ɗauka. Ƙasimu ya ba kowa mamaki. Ba ya wasan kwaikwayo, tsayawa kawai yake yi ya dubi mutum, sai ka ji gabanka ya faɗi. Zalika ma ta ce wannan karon kamar za a yi abin kirki. Saura kamun ƙarshe. Aka samo wani bakanike mai jiki aka sa masa rigar Ƙasimu, aka kayar da shi sau tara a wani lambu mai katanga a Yantala, bakin kogi.

Da azahar suka zauna a shagon Zalika suna duba hotunan. Kai, abin ba kyan gani. Bakanike na tsoron bayansa, tun kafin a ɗaga shi ya riga ya miƙa hannu yana neman ƙasa. Wuyansa ba na Turmi ba ne, tafiyarsa ba ta Turmi ba ce, makaho ma ya gane. Abdoulkarim ya ji kukan jakin nan a kunnensa tun ba a ɗora shi ba.

"Bar ni da shi," Zalika ta ce. "In yanka shi gutsu-gutsu, in sa ƙura, in sa ƙara. Zai wuce."

"Zai wuce," ya maimaita. Ya tashi ya sa hularsa.

Bai tafi gida ba. Ya nemi Ismaël, jarumin fim ɗin, wani dogon ɗan taksi mai shekara talatin wanda ya yi judo tun yana lakwal, makarantar boko. Ya same shi ya faka a inuwar wata bishiyar dogon yaro yana cin dambu da kopto, dafaffen ganyen zogale, a roba. Ya buɗe ƙofa ya zauna kusa da shi.

"Gobe za mu sake kamun da Turmi. In kun kama, kada ka jira kupe. Ka shiga ƙarƙashinsa ka ɗauke shi."

Ismaël ya tsaya da loma a hannu. "Patron, Baba ne fa."

"Na san ko wane ne."

"Ya sani?"

"In ya sani, kai goma ba ku ɗaga shi. Rairayi za a zuba, ba abin da zai same shi. Mutumin da ya yi shekara talatin a fage? Zai yi fushi kwana biyu, ni zan ba shi haƙuri." Ya dubi saurayin. "Ba ka gaji da a riƙa ce maka mai naushin iska ba? Fasinja ma dariya suke maka, kai ka gaya mini."

Ismaël ya rufe robar dambun, bai ƙara ci ba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, Abdoulkarim kuwa ya ɗauki shirun a matsayin amsa.

Washegari da hantsi suka haɗu a lambun, su huɗu kawai: shi, Zalika, Ismaël da Ƙasimu. Ya sa an kawo amalanke ɗaya na rairayin kogi an baza ƙarƙashin mangwaro. Amalanke ɗaya! Shi da ya san fagen kokowa sai an tone shi an cika da rairayi har ƙafa na nutsewa. Wannan kuwa kauri yatsa uku, ƙarƙashinsa jar ƙasa ce wadda rani ya gasa ta zama kamar siminti. Ya gani da idonsa, ya kau da kai ya tafi gyara kamera.

Ƙasimu ya zo da raha. Ya tuɓe ƴar layar da ta rage masa a damtse ya rataye ta a reshe, ya ce ai wasa ba ya son kaya. Ya dafa kan Ismaël. "Ɗana, kama da kyau, kada ka ji kunyata. Ubanka na nan ya tsaida mu."

Abdoulkarim ya kafa kamera ɗaya a gefe kan ƙafafunta, da nisa, yadda ya saba. Ɗayar tana kafaɗar Zalika. Ya ce a fara.

Suka sunkuya, suka zagaya juna, suka kama. Wayyo, tsohon nan! Ƙafafunsa suka tuna da kansu, yana ja yana saki, yana wasa da dogon yaron kamar kyanwa da ɓera. Suka juya sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Nan ne wurin da aka shirya. Ƙasimu ya sassauta hannu, ya miƙe daga sunkuyon, ya ɗan juyo da kunne wajen Abdoulkarim yana jiran kalmar.

Abdoulkarim ya dantse leɓe.

Ismaël ya shiga ƙarƙashinsa, ya ɗora shi a ƙugu, ya juya. Ƙafafun Ƙasimu Turmi biyu suka bar ƙasa. Bai ko miƙa hannu ya tare ba, don jikinsa bai taɓa koyon faɗuwa ba. Ya sauka da ƙugun hagu, da dukan nauyinsa da na yaron a kansa. Aka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara.

To a nan ne fa. Kowane ɗan Adam da ya ji ƙarar nan da ya ruga. Ismaël ya yi tsalle baya ya ɗora hannu a ka yana salati. Abdoulkarim kuwa, shekara ashirin da ɗaya suka taso masa gaba ɗaya, ya koma cikin motar reji. Babban ɗan kokowa na ƙasa, kamera ba ta barin fage.

"Zalika, fuska! Matso! Riƙe shi nan, kada ki motsa!"

"Shef, ya karye!"

"Fuska na ce!"

Ta sauke kamerar daga kafaɗa. Ya fizge ta daga hannunta, ya durƙusa gaban abokinsa, ya matso da hoton har fuskar ta cika allo. Rairayi a gemu, baki buɗe, idanun nan suna neman wani abu a sama. Sai suka sauko suka same shi. Ƙasimu bai yi ihu ba. A hankali ya yi magana, kamar mai tuna wa mutum abin da ya manta.

"Karimu. Ba ka ce kupe ba."

Ko a nan bai kashe kamerar ba. Zalika ta ƙirga daga baya, daƙiƙa arba'in da bakwai ya yi yana ɗauka kafin ya sauke ta.

A taksin Ismaël aka kai shi likita. Ƙashin ƙugu ya karye gida biyu. Likitoci suka ce a shekarunsa, ko an yi aiki, tafiya sai dai da sanda, in ma an samu. Ƙasimu ya ce ba mai yanka shi, a maida shi gida a kira maɗori. Ismaël ya kashe wayarsa, ya daina bi ta Kalley. Zalika ta zare katin kamera ta miƙa wa Abdoulkarim a bakin shagonta, ko ciki ba ta bari ya shiga ba.

"Ga kayanka. Ka nemi mai yi maka montaj. Ni bakina ba zai faɗa wa kowa ba, don darajar tsohon, ba don taka ba."

Sai da ya yi kwana shida kafin ya iya zuwa dubiya. Balki ta tare shi a ƙofar gida, ta amsa sallamarsa a daƙile.

"Malam Karimu, mun gaya wa mutane moto ce ta buge shi a hanyar kasuwa. Haka mai kanti ya sani, haka unguwa ta sani. In ka shiga, ka san abin da za ka faɗa gaban baƙi."

Babu baƙi a lokacin. Ƙasimu na kwance a tabarma, an ɗaure shi da karare daga ƙirji har gwiwa, ɗakin na warin man shanu da magani. Cikin kwana shida ya zube, wuyan nan ya zama fata. Abdoulkarim ya tsuguna, ya fara jero ban haƙurin da ya shirya tun daga Dar es Salam. Ƙasimu ya bar shi har ya gama.

"Ka ɗauka?"

"Na ɗauka."

"Ya fito da kyau?"

Da ƙarya ya yi da ta fi masa. Amma bai iya ba. "Ban taɓa ɗaukar kamarsa ba."

Ƙasimu ya lumshe ido. "To. Fim naka na, yi yadda ka ga dama. Shekara ashirin kai ka gaya ma mutane wanda ya faɗi. Tafi ka gaya musu." Ya juya fuska ga bango. "In ka fita ja mini ƙofa. Kuma kada ka wahal da kanka da dawowa."

Za ka ce daga nan sai ya goge hoton. Ya yi niyya, wallahi ya yi niyya, ya fi sau goma yana ɗora yatsa a kan maɓallin. Sai ya ce bari ya kalla sau ɗaya na ƙarshe. Ƙafafu su bar ƙasa, rigar ta buɗe a iska, rairayi ya tashi. Ya tsani kansa, kuma hoton ya yi kyau, duka biyun gaskiya ne. Ya ce wa zuciyarsa in ya goge, tsohon ya karye a banza ke nan. Da wannan ya lallashi kansa. Ya zauna wata biyu yana koyon montaj da tsufansa a kan wata tsohuwar na'ura, ya haɗa fim ɗin shi kaɗai. Maganar da Ƙasimu ya yi a ƙasa kawai ya cire.

Kafin ya gama, mai kanti ya sa wani a benci. Dangi suka zo daga Adar suka ɗauki Ƙasimu a kan katifa cikin motar kasuwa, shi da Balki da ƴan tukwanensu, aka koma da shi ƙauye. Ɗorin bai kama ba. Abdoulkarim a bakin wani mai sayar da goro ya ji.

Aka nuna fim ɗin wata Asabar da la'asar, a wani zauren lakwal mai zaman kanta a Dar es Salam da aka toshe tagoginsa da kwali. Mutane sun zo, sun fi ɗari, don an ji Turmi na ciki, wasu kuma don su samu sabon abin turawa a waya. Ƴan fadar nan suka cika layin gaba. Abdoulkarim ya tsaya a baya kusa da na'urar haskawa, rigarsa ta jiƙe da zufa.

Duk inda Ƙasimu ya fito sai zauren ya ɗauka: "Turmi sha daka!" Aka zo kamun ƙarshe. Suka sunkuya, suka kama, suka juya. Ƙafafu suka bar ƙasa. Ƙas.

Shirun ya sauka. Abdoulkarim ya ji shi, shi ne, ba wani ba, har gashin jikinsa ya tashi. Numfashi ɗaya shirun ya yi. Sai ralanti ya fara, faɗuwar ta dawo sannu a hankali, tsaf, ba inda ya ɓoye, kyakkyawa fiye da kima. Wani daga layin gaba ya ce, "Kai! Ƙarya ne! Turmi ne zai faɗi haka kamar buhun gero?"

"Montaj ne!"

"Kansa aka ɗora a jikin wani, yanzu na'ura ba abin da ba ta yi!"

"Ji ƙarar ma, kara aka karya a bakin mikoro!"

Dariya ta ɓarke, irin wadda ya sani, har da buga benci. Wani ya yi kukan jaki da bakinsa. Ba wanda ya kalli fuskar da ta cika allo daƙiƙa arba'in da bakwai.

Da aka cire kwalayen tagogi haske ya shigo, suka yanyame shi. Wani dattijo mai ɗinki, Boubacar, wanda ya bi kokowar Ƙasimu gari-gari tun yana saurayi, ya ratso mutane ya kama hannunsa. Shi ba dariya yake ba. Idonsa ya yi ja.

"Ralanti, kai ba ka taɓa yi mana ƙarya a fage ba. In ka ce mutum ya faɗi, ya faɗi. Dubi girman Allah ka gaya mini. Da gaske yaron nan ya kayar da Turmi?"

Zauren ya yi tsit, wayoyi suka ɗago suna ɗaukarsa. Kalma ɗaya ce. In ya ce e, ya faɗi sunan lambun, ya ce a je a tambayi maɗori, kafin magariba Yamai duka ta san Ralanti ya ɗauki abin da kamera ba ta taɓa ɗauka ba, kuma ba mai sake yi masa kukan jaki. Kafin magariba kuma labarin ya isa wani ɗaki a Adar, inda wani tsoho ke kwance ba ya iya juyawa sai an juya shi, ba abin da ya rage masa sai jinjinar da masu zuwa dubiya ke yi masa daga bakin ƙofa.

Abdoulkarim ya ɗaga kai. Ya dubi dattijon, ya dubi wayoyin.

"Montaj ne," ya ce. "Turmi bai faɗi ba."

Boubacar ya saki ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi, ya sake shi. Zauren ya sake fashewa, wani ya daki kafaɗarsa yana cewa ai mun faɗa, Tonton, wa za ka ruɗa? Suka fita suna ture juna, kowa na sauri ya riga wani turawa. Abdoulkarim ya tsaya har zauren ya zama ba kowa. Mai gadin lakwal ya leƙo ya ce zai rufe, a taimaka a maida masa bencina yadda aka same su. Ya sunkuya ya kama bakin benci na farko, ya fara ja.